Bayan mastas sai ina? Yadda na bi na lalubo tawa hanyar a Sakkwato

Duk wanda ke mastas a ɓangaren kimiyyar lafiya a garin nan, maikurobayoloji ne ko bayokemistiri ko fisiyoloji ko famakoloji, in ka tare shi ka ce to in ka ƙare mi za ka yi, amsa biyu ce ba ta uku, ko dai a ɗauke shi leccara ko Allah ya kawo sikolaship ya fita waje. Ni ma haka nake faɗi har na shiga shekara ta biyu, kuma ba don na taɓa zama na auna ba, kawai abin da kowa ke faɗi kenan a sashe kai ma sai ka ɗauka. Matsalar ita ce gurbin leccara ba kullum ake buɗe shi ba, in an buɗe kuma masu jira sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba, ita kuma TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da muke ta ji ana cewa ta kai mutane Malesiya da Ingila, ma'aikatan manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyi, wato sai ka riga ka shiga ciki tukuna, ɗalibi zalla irina ba ya cikin lissafi.

Ga kuma wani abu da yawancinmu ba mu sani ba sai bayan bautar ƙasa. Ni digirina na farko maikurobayoloji ne na shekara 4, ba kimiyyar ɗakin gwaje-gwajen asibiti ba, wadda ake yi shekara 5 a kuma yi shekarar horo. Hukumar MLSCN mai kula da masu gwajin asibiti, wadda dokar 2003 ta kafa, masu wancan digirin na shekara 5 take ba lasisin aikin gwaji a asibiti, ni ko na tara mastas da digirin digirgir ba za su mai da ni mai lasisi ba. To ka ga ƙofar da 'yan gida ke zaton ita na nufa, don a wajen Inna duk mai farar riga a asibiti zai ƙare, ita ma a rufe take.

Lokacin ina zaman jiran kayan aikin furojek ɗina da munka yi oda daga Legas, wani yayanmu da ke digirin digirgir ya turo mani wani abu ta WhatsApp wai shi myIDP, ya ce Malam zauna ka cika wanga tunda ba ka da aikin yi. Shafi ne na mujallar Science ta Amurka da anka buɗe a 2012, kyauta ne, imel kawai za ka sa. Tambayoyi ne kashi uku, na farko abin da ka iya, na biyu abin da kake jin daɗin yi, na uku abin da ya dame ka a rayuwa, kowace tambaya ka ba kanka maki daga 1 zuwa 5, in ka ƙare sai ya jero maka hanyoyin aiki 20 na masu kimiyya ya nuna wadda ta fi dacewa da amsoshinka. Kashin farko na yi shi da sauri, na biyun ma haka, amma na ukun nan ya zaunar da ni, don a nan ne ake tambaya ko albashi mai tsoka ne gaba a wajenka, ko zama kusa da dangi, ko aikin da ba a korar mutum, ko suna, ko taimakon jama'a, kuma in ka ba komai 5 ka yaudari kanka ne kawai. Ni ne babba a ɗakinmu, Baba ya rasu, ƙannena mata biyu suna sakandare, to gaskiyar magana ita ce ba zan iya ɗaukar jaka in tafi shekara huɗu in bar Inna a Mabera ba, ko da kuwa an ba ni. Ban taɓa faɗin haka a fili ba sai ranar, kullum ina cikin masu cewa mu dai waje.

Abin da ya fito mani a sama shi ne aikin lafiyar al'umma, sai kula da binciken magani a kan marasa lafiya, koyarwa ta zo can ƙasa-ƙasa. Amma fa kada wani ya ɗauka shafin nan zai ba shi aiki ko ya san halin da muke ciki, don 'yan Amurka anka yi shi, inda kamfanonin haɗa magani ke ɗaukar masu digirin digirgir da yawa, akwai ma hanyoyi a ciki irin aikin lauyan haƙƙin ƙirƙira da in ka faɗa wa mutum a Sakkwato zai ce lafiyarka kuwa. Amfaninsa ɗaya ne a wajena, ya tilasta ni na amsa tambayoyin da nake gudu. Sauran aikin da ƙafa anka yi shi.

Na juya bayan littafin lab ɗina na fara rubuta inda mai irin karatuna ke iya shiga a ƙasar nan. NCDC mai yaƙi da annoba, wadda anka sa hannu a dokarta a 2018. NAFDAC da ke nan tun 1993 tana da ɗakunan gwajin magani da abinci. NIMR, cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, a Yaba, NIPRD a Abuja masu binciken magani daga itatuwanmu, NVRI a Vom ga masu son ɓangaren dabbobi, wanda mu da muke garin shanu da akuya bai kamata mu raina ba, IHVN masu aikin ƙanjamau da tarin fuka. Sannan na gida, ma'aikatar lafiya ta jiha, hukumar lafiya a matakin farko, ƙungiyoyin agaji da ke aikin shan inna da tamowa da maleriya, ga asibitin yara masu noma, ciwon nan mai cin baki da fuska, da ke nan cikin gari tun 1999, wanda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki da shi tun 2014, kuma a Disambar 2023 hukumar lafiya ta duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da anka yi wa sakaci, abin da ke nufin za a ƙara waiwayarsa da bincike. Ni da nake wucewa ta gefen asibitin nan a kabu-kabu ban taɓa kawo shi cikin lissafin aiki ba.

Daga nan sai zuwa wajen mutane, kuma nan ne ainihin abin. Da farko da wuya, don a garin nan in matashi mai digiri ya yi sallama ofishin babba ya zauna ya gaishe shi, kowa ya san ƙarshen zancen, a taimaka mani da aiki, sai ka ga fuskar mutum ta canza tun ba ka buɗe baki ba. Sai na koyi in faɗa tun a waya, ranka ya daɗe ba aiki na zo nema ba, ɗalibi ne ni, so nake in ji yadda aikinku yake kafin in yanke inda zan nufa, minti ashirin ya ishe ni. Wallahi da sun ji haka sai su saki jiki, wasu ma su riƙe ka har la'asar. Kuma ban tambayar mi ne ne aikinku, don za a karanto maka abin da ke takarda ne, cewa nake jiya daga shigowarka zuwa tashi mi da mi ka yi, ta ina ka shigo aikin, mi anka tambaye ka a intabiyu, mi ke sa ka jin kamar ka aje.

Wanda ya fi tsaya mani a rai wani jami'in sa ido kan cututtuka ne na wata ƙaramar hukuma, dattijo, abokin kawuna. Na same shi gida bayan magariba ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauko wayarsa ya buɗe mani SORMAS, manhajar da suke shigar da rahoton duk wanda ake zargi da ƙyanda ko sanƙarau ko amai da gudawa ko yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya. Ya ce ɗana, ɗaukar samfur kowa na iya koya cikin sati, abin da muke rashi shi ne wanda zai dubi lambobin nan ya ce mana gunduma kaza abin na tashi tun bai zama annoba ba. Ya tuna mani sanƙarau na 2017 da ya taso daga Zamfara ya shigo mana nan, nau'in C ne alhali rigakafin da anka yi wa mutane a baya na nau'in A ne, da kuma gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum da ta kashe yara sama da 400, ya ce duk waɗannan kafin magani ya zo sai da wani ya zauna ya ƙirga ya gano. Shi ya fara gaya mani zancen NFELTP, horon shekara 2 na binciken annoba a fili da anka fara a 2008 tare da jami'ar Ahmadu Bello da ta Ibadan, akwai ɓangaren masu lab a ciki, sai dai galibi waɗanda ke cikin aikin gwamnati ake ɗauka.

Na kuma zauna da wata Hajiya da ke kula da bayanan wani bincike da ake yi kan yara, ita ba ta da lokacin wasa, a tsaye ma munka fara magana. Ta ce ka yi GCP? Na ce a'a Hajiya. Ta ce to je ka yi ka dawo, ba wanda zai bar ka ka taɓa takardar mara lafiya a bincike ba ka da shi. Kwas ne na ƙa'idojin gudanar da bincike kan ɗan adam, yadda ake neman yardar mutum, yadda ake ɓoye sunansa, yadda in ka yi kuskure a fom ba ka gogewa sai dai ka ja layi ɗaya ka sa hannu da kwanan wata, ana yinsa kyauta a The Global Health Network, akwai kuma TRREE na ɗa'ar bincike shi ma kyauta. Akwai kuma wani tsohon ɗan ajinmu da ke tallan kayan lab na wani kamfani, shi ya fi kowa kuɗi cikinmu ba musu, amma rabin wata yana hanya tsakanin Birnin Kebbi da Gusau da Kano, ga halin da hanyoyin ke ciki, ina jin haka na san ba nawa ba ne.

To a nan ne na ga ramin da da yawa ke faɗawa. Da zarar mutum ya gano akwai kwasa-kwasai kyauta a intanet, Coursera na ba da tallafi in ka rubuta ba ka da hali, hukumar lafiya ta duniya na da nata, sai a shiga tara satifiket kamar mai tara goron biki, a guruf ɗinmu akwai mai sama da ashirin, yau shugabanci gobe sauyin yanayi jibi kiwon kaji. Da na koma wajen Hajiyar nan da GCP ɗina na fara lissafa mata waɗanda nake shirin ƙarawa sai ta katse ni, ta ce ƙanena in na zauna tantance masu neman aiki ban ƙirga satifiket, fayil nake turo wa mutum mai cike da kurakurai in ce gyara ka fitar mani da tebur kafin azahar, a nan ake rabuwa. Ta ce zaɓi abu ɗaya ka yi shi har ka sami abin nunawa.

Abin nunawar kuwa ashe yana hannuna. Furojek ɗina kan ƙwayar E. coli ce da ake samu a fitsarin masu ciwon mara, ina duba wane magani ke kashe ta wane ya daina. Aikin kullum iri ɗaya ne, ka dama ƙwayar a ruwan gishiri har kaurinta ya kai 0.5 na ma'aunin McFarland, ka shafe farantin Mueller-Hinton da auduga, ka ɗora 'yan ƙananan takardun nan masu magani, ka sa a inkubeta awa 16 zuwa 18, da safe ka ɗaga farantin saitin taga ka sa rula ka auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa, milimita nawa. Wani farantin za ka ga ampisilin da septirin ƙwayar ta tsiro har jikin takardar ba ko alamar da'ira, kai ka san mai wannan fitsarin ya sha maganin kemis ya gaji kafin ya zo asibiti. Duk lambobin nan a littafi mai bangon kwali nake rubuta su, niyyata in kai wa mai SPSS, manhajar lissafin bayanai, ya buga mani in biya shi in yi difens in huta, kamar yadda kowa ke yi.

Sai na fasa. Na sauke WHONET, manhaja ce kyauta da anka yi musamman don irin waɗannan bayanai na bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, ita ake amfani da ita a ƙasashe da yawa wajen tura rahoto ga tsarin GLASS da hukumar lafiya ta duniya ta buɗe a 2015. Na shigar da nawa ɗaya bayan ɗaya, kai ranar da ta fitar mani da teburin da ke nuna kashi nawa cikin ɗari ke jin kowane magani ji na yi kamar yau na fara karatu, a nan na san ma akwai ƙa'idar cewa in ƙwayoyin da ka gwada ba su kai 30 ba kada ka kafa hujja da kason. Daga nan na shiga R, manhajar nazarin bayanai da ake rubuta wa umarni, wadda ita kam ta ba ni wuya ba kaɗan ba, waƙafi ɗaya ka manta sai ta cika maka fuska da jan rubutu, ga zafin watan huɗu da ke haura digiri 40 kwamfuta na huci kamar ta kama wuta, ga wutar babu, sai dai in sayi datar dare in sauke bidiyoyi in kalla da safe a shagon wani abokina mai sola a Gawon Nama. Amma ita kyauta ce, kuma kusan duk tallar aikin bayanan lafiya da nake gani yanzu sai an ambace ta ko an ambaci KoboToolbox da ake tattara bayanai da shi a waya. Batun kuma ba ƙarami ba ne, binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 sunka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya da sunka daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a.

Abin da na fi jin nauyi shi ne gaya wa sufabaiza na, don Farfesa ya riga ya fara cewa in na ƙare in dawo digirin digirgir a hannunsa, kuma ka san mu da malami, kamar uba ne. Na same shi bayan azahar na ce Malam, akwai shawarar da nake nema, na buɗe kwamfuta na nuna masa teburin da zanen da na yi maimakon in fara da dogon bayani. Ya daɗe yana kallo, ya ce wa ya yi maka? Na ce ni na yi, Allah ya gafarta Malam. Ya ce to akwai bayanan ɗalibai na baya a kabad ɗin can da ba wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya, in za ka iya ka ɗauka. Bai ce na yi daidai ba bai ce na yi kuskure ba, zancen digirgir ɗin ma cewa ya yi ba gudu yake ba.

Sauran ƙananan abubuwa na yi su a tsakani. Na buɗe ORCID, lamba ce mai alƙaluma 16 da ke bin mai bincike duk inda ya buga takarda, wanda ga mu masu suna iri ɗaya, Abubakar Bello nawa ne a Sakkwato, ba ƙaramin amfani gare ta ba. Na raba CV gida biyu, na jami'a mai tsawo da na neman aiki mai shafi 2 wanda na cire firamare da sunan ƙauye da addini na sa abin da hannuna ya iya. Na kuma karanta sharuɗɗan sikolaship da idona maimakon jita-jitar guruf, Chevening mastas ce ta shekara 1 kuma sai kana da ƙwarewar aiki ta shekara 2, Commonwealth akasari ta hukumar sikolaship ta tarayya ake bi, sannan ba dole sai Turai ba, akwai cibiyar binciken cututtuka ta WACCBIP a jami'ar Ghana, akwai irinta ACEGID a Ede inda su Farfesa Christian Happi sunka fara karanta ƙwayar halittar korona a Afirka a watan Maris na 2020, akwai cibiyar cututtukan da anka yi wa sakaci a Zariya da ta lafiyar al'umma a jami'ar Bayero, waɗannan biyun mota ɗaya ce daga tasha, in Inna ta kira gobe kana gida. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya sama maka gurbi ko ya buga maka takarda cikin kwana uku kuwa, rufe wayarka kawai.

Yanzu dai ina zuwa wajen dattijon nan jami'in sa ido kan cututtuka ranakun da ba ni da lab ina taya shi tsabtace bayanan mako, ba ko sisi, sai dai kuɗin mai in ya samu, amma shi zai rubuta mani takardar shaida kuma a wajensa nake jin tallar aiki kafin ta iso guruf. Bayanan kabad ɗin Farfesa na shigar da fiye da rabi, wasu shafukan ruwa ya taɓa su ba sa karantuwa dole in bar su, kuma kafin mu buga komai sai kwamitin ɗa'ar bincike ya ba da izinin amfani da tsofaffin bayanan, takardar neman izinin ce nake rubutawa a satin nan. Difens ɗina kuma an ce bayan sallah.